Muzurun layinmu na fama da ƙaiƙayi, kuma ba ya taɓuwa

Maman Hanan: Salamu alaikum 'yan zaure. Akwai wani muzuru da ke kwana ƙarƙashin motoci a layinmu, nan Karantina a Jidda. Susa yake ba dare ba rana, bakin kunnuwansa ya yi ɓawo, gashin fuskar duk ya zube. Yana cin abincin da nake ajiyewa, amma kana matsowa zai yi maka huci ya tsere. Me zan ba shi?

Abu Yasir: Wa alaikumus salam. A gida baƙin mai ake shafa wa akuya in ta yi ƙazuwa. Ko ki watsa masa ruwan Dettol daga nesa.

Anti Rabi: Haba Abu Yasir, rufa masa asiri. Mage lashe jikinta take yi, duk abin da ka zuba mata cikinta zai tafi, kuma biyun nan guba ne gare ta. Haka Panadol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Maganin ƙuma na karnuka mai permethrin ma kada a kuskura.

Malam Na Madina: Maman Hanan, ɗauki hotonsa da kyau lokacin da ya duƙufa kan abinci, ki kai wa likitan dabbobi. Ɓawon da ya fara daga bakin kunne ya gangaro fuska da wuya, galibi ƙazuwar kyanwa ce, wasu ƙananan ƙwari ne ke haƙa cikin fata. In ƙuma ce, an fi ganin susar a gadon baya wajen gindin wutsiya. In kuwa gashin na zubewa a zagaye kamar kwabo, makero ne, maganinsa daban, kuma yana kama yara.

Baba Mai Shayi: A Gadarif na tashi, da ivermectin, maganin tsutsa da ƙwari na shanu, muke yi. Ɗan ɗigo a cikin kifin gwangwani, bayan sati 2 a maimaita. Na ga wadda ta warke sarai.

Anti Rabi: Baba, yana aiki, ban musa ba. Wannan “ɗan ɗigon” ne abin tsoro. Na shanu akwai miligiram 10 a kowane mil (mililita) ɗaya, magen da ke da kilo 3 kuwa abin da take buƙata bai kai kashi ɗaya cikin goma na mil ba. Hannu na zarcewa sai ka ga tana tangaɗi, idonta ya daina gani. Likita ya auna mata a sirinji. Kuma yana da ɗaci, a cuɗa shi cikin loma ɗaya, a bari sai yunwa ta kama shi.

Ummu Sultan: Ki tsaya a kansa har ya cinye. Magunan Jidda ba sa jiran gayyata, kina juya baya wata mai 'ya'ya za ta lashe.

Malam Na Madina: Ni dai na fi son a kama shi sau ɗaya. Kejin tarko ake sa wa kifi can ƙurya, bayan an kwana biyu ana ba shi abinci a bakin kejin. Yana rufewa ki lulluɓe da tawul, zai natsu. Likita zai ɗiga masa maganin Revolution a ƙeya, yana kashe ƙuma da ƙwarin kunne, ana kuma ba da shi don ƙazuwar, ya riƙe wata guda. In ƙuma ce kawai, akwai ƙwayar Credelio ta kyanwa da ake sawa a abinci. Ƙwayar Capstar ma na kashe ƙuma da sauri, amma ƙarfinsa kwana ɗaya ne.

Maman Hanan: Allah ya saka. To Malam, tarkon fa, ina zan samu?

Ummu Sultan: Ina da shi, Yaya, aiko yaro bayan la'asar. Ki ɗana bayan isha'i ko da asuba, kada zafin rana ya same shi a ciki. In kuma akwai kwalin da yake kwana a kai, ki sa safar hannu ki jefar, ki shimfiɗa sabo.