Maganin ƙarin jini: wata biyu ina sha, jinin bai ɗaga ba. Ku ya kuka yi da naku?

Maman Ilham, Gwammaja

Assalamu alaikum 'yan uwa. Cikina wata shida ke nan. Tun zuwana awo na farko aka ce jinina ya yi ƙasa, PCV, wato ma'aunin yawan jini, 28, aka haɗo ni da jajayen ƙwayoyin nan da 'yan ƙananan rawaya na folik asid. Allah ne shaidata, ban taɓa tsallake rana ba. Shekaranjiya na koma aka sake aunawa, 28 ɗin tana nan daram. Har yanzu in na hau benen gidanmu sai na tsaya a tsakiya ina haki, in na ɗago daga sujada ɗakin ya riƙa juya min.

Sistar da ta duba katina ta ce da me nake kora maganin? Na ce da shayin safe mana, mai kauri, don kar ya tayar min da zuciya. Sai ta riƙe haɓa. Layi ya yi tsawo, iyakar abin da ta ce shi ne in daina haɗa su. Don Allah duk wanda ya taɓa shan maganin nan ya gaya mana abin da ya gani, mai daɗi da marar daɗi.

Anti Nas, Hotoro

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Kar ki zargi kanki, ni da nake aikin asibitin ma haka na yi a cikin fari, ina sane, ina cewa ai ɗan kofi ɗaya ne.

Abin da ke cikin jar ƙwayar ayon ne, sinadarin ƙarfen da jiki ke haɗa jini da shi. Ganyen shayi yana da wani abu mai bauri da ke kama ayon a cikin hanji ya hana shi shiga jini, madara ma tana rage shigarsa, to ke kin haɗa masa biyun a kofi guda. Haka kofi, haka fura da nono, haka farin maganin olsa ɗin nan da masu ciki ke kurɓa saboda ƙwannafi. A bar aƙalla awa 2 tsakaninsu da maganin. A kora shi da ruwa, in da hali a bi da lemo ko gwaba, don bitamin C yana taimaka masa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta sha ayon miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikrogiram 400 kullum, ko da jininta lafiya lau. Ƙwayar feros salfet mai miligiram 200 tana ɗauke da kusan 65 na ainihin ayon ɗin. Amma ke tunda naki ya ƙi ɗagawa, ki roƙi a duba miki maleriya da tsutsar ciki, ba kullum ne laifin shayi kaɗai ba.

Ummu Hanif, Ɗorayi

Ni kwana uku da farawa na ga bayan gidana ya koma baƙi ƙirin, na jefar da maganin a kwandon shara, na ɗauka hanjina ne ya fashe. Sai da na koma awo likita ya ce haka yake yi wa kusan kowa, ragowar ayon ɗin da bai shiga jiki ba ne ke fita. Wanda ake tsoro shi ne baƙi mai danƙo kamar kwalta, mai mugun wari, ga ciwon ciki ko jiri, wannan a tafi asibiti a ranar.

Abin da ya fi wahalar da ni taurin bayan gida ne. Na ƙara ruwa, na dage da gwanda da miyar alayyahu, ya ɗan sassauta. Da tashin zuciya ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, likitan ya mayar da ni sha yau in huta gobe. Shi ya canza min fa, ba ni na yanke wa kaina ba.

Maman 'Yan Biyu, Kurna

Ku yi haƙuri zan yi tsawo, don har yau in na tuna jikina rawa yake.

Bayan na haihu an sallame ni da maganin a 'yar farar leda, irin wadda ake zugewa. A kan mudubi nake ajiyewa don kar in manta. Ranar ina wankan jego, yayan jariran, lokacin shekararsa 2 da 'yan watanni, ya taka kujera ya ɗauko. Ja ne, ga santsi, ga ɗan zaƙi a bayansa, shi a wajensa alawa ce. Na fito na tarar da bakinsa jawur, ledar a ƙasa. Ban san nawa ya haɗiye ba, abin da na sani ledar ta fi haka cika da safe.

Matan gida suka taru, wannan ta ce a ɗura masa manja, waccan ta ce madara, wata ta ce a sa masa yatsa ya amayo. Ba a jima ba ya fara amai da kansa, ya yi gudawa sau biyu. Zuwa la'asar sai ya ware, har yana wasa da motarsa. Kowa ya ce alhamdulillah ya fitar. Ni ma na yarda, wallahi na yarda. Ƙanin babansu ne da ya zo barka ya ji labari, ya ce shi bai yarda ba, ya saɓa yaron a kafaɗa, muka tare ɗan sahu zuwa asibitin yara na Hasiya Bayero.

Abin da likitar ta gaya min shi nake so kowace uwa ta ji. Ta ce gubar ayon mayaudariya ce. Awannin farko yaro zai yi amai da gudawa, wani har da jini. Sai ya lafa kamar ya warke, iyaye su saki jiki, alhali a lokacin ayon ɗin yana ratsa jikinsa, bayan kwana ɗaya zuwa uku hanta ta fara lalacewa. Ta ce manja da madara ba sa karya shi, sa yaro amai da ƙarfi kuma yana iya shaƙe shi. Akwai allurar da ke janye ayon daga jini, amma sai an kawo yaro da wuri, kuma a taho da ledar ko kwalin don a ƙiyasta abin da ya sha. Kwana biyu muka yi suna bibiyar jininsa, Allah ya taƙaita.

Yanzu nawa a cikin akwati mai kwaɗo yake. Jakar hannu ma ba wajen ajiya ba ce, yaran nan babu zip ɗin da ba sa buɗewa.

Maman Ilham, Gwammaja

Innalillahi. Nawa yanzu haka a gefen gado yake, Ilham kuma shekararta 3. Na tashi na ɗauke kafin in ƙarasa karantawa. Allah ya tsare gaba, Yaya.

Hajiya Babba, Yakasai

Allah ya kyauta gaba 'yata. Ni jikata mai sikila nake riƙo. Duk wanda ya zo duba ta ya ga idonta fari sai ya dawo da kwalbar tonik ɗin ƙarin jini, don kirki suke yi. A asibitin Malam Aminu Kano inda muke kai ta an ja min kunne: ƙarancin jinin mai sikila daga fashewar ƙwayoyin jini ne, kuma wadda aka sha yi wa ƙarin jini ayon yana iya taruwa ya yi mata yawa, ya taɓa hanta da zuciya. Jiki ba shi da hanyar zubar da rarar. Folik asid ɗinta take sha kullum, ayon kuwa sai in gwaji ya nuna tana buƙata. Kwalaben nan na karɓa na yi godiya, amma ko cokali ba ta sha.

Baban Walid, Kantin Kwari

A yi min afuwa na shigo zancen mata, mu ma abin yana samunmu. Bara na riƙa jin kasala, ko dila ɗaya na ɗaga sai zuciyata ta hau bugawa. Na shiga wani kemis aka ba ni kafso na ƙarin jini, na ƙara da maltina da madara yadda 'yan kasuwa ke cewa. Wata huɗu ina wannan. Baƙin bayan gida kuwa na ce ai maganin ne. Ranar da na yanke jiki na faɗi a shago aka gano olsa ce ke tsiyayar da jini, sanadin maganin ciwon jiki da nake sha kusan kullum ba tare da na ci abinci ba. Sai da aka ƙara min jini leda biyu. Likitan ya ce namiji baligi, ko macen da ta daina al'ada, in ayon ɗinsu ya yi ƙasa dole a nemo ta inda jinin ke zuba. Ni ina ta ɗura ruwa a tulu mai huji.

Amaryar Sharaɗa

Akwai wadda ta yi kwaɗayin farar ƙasa da ƙanƙara? Ni ba ciki gare ni ba, al'ada ce ke zuwar min da yawa, amma sai in zauna in tauna ƙanƙara kofi guda. Da na fara maganin, sati biyu kwaɗayin ya ɗauke kamar an zare ƙaya. Ashe alamar ƙarancin ayon ce, farar ƙasar ma ƙara hana shi shiga take. Kuskurena da na ji ƙarfi na ajiye maganin, bayan 'yan watanni komai ya dawo sabo. Karo na biyu aka ce ko jini ya daidaita in ci gaba har wata 3, don rumbun jiki ya cika.

Anti Nas, uwar mijin yayata ta hana ta sha, wai yana sa ɗa ya yi ƙato a kasa haihuwarsa. Gaskiya ne?

Anti Nas, Hotoro

Ba gaskiya ba ne, amarya, kuma maganar nan tana ƙona min rai. Wadda muke jin tsoro a ɗakin haihuwa ita ce wadda ta zo da jini kaɗan, don zubar da wata za ta jure ita sai ta kayar da ita. Ki lallaɓa Hajiyar cikin ladabi, ko ku tafi da ita awo ta ji da kunnenta. Na manta ban faɗa ba ɗazu: mai shan maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su sifro ko tetirasaikilin, ko maganin maƙoƙo, ta sanar da likita, don ayon yana rage musu ƙarfi in an haɗa lokaci guda.

Maman Ilham, Gwammaja

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na mayar da shi dare, bayan isha, da ruwa da ɓarin lemo, shayina kuma yana nan da safe. Nan da sati huɗu zan koma awo, zan roƙi gwajin maleriya da na tsutsa kamar yadda Anti ta ce. In an auna zan zo in faɗa muku nawa ya kai.