Motar da ba ta taɓa taka kwalta ba: me za mu kira aikin da Hausa?

Masu harshe, a taimaka mini. Da yawa daga cikin hotunan tallan mota da kuke gani, motar ba ta taɓa zuwa wurin ba. Mai hoto ne ya je ya ɗauko titi fayau, ita kuma motar a kwamfuta aka ƙera ta, sannan aka zaunar da ita a kan titin. Turawa na kiran wannan zaunarwa "compositing". Ina koya wa matasa Blender, manhajar ƙera hotunan abubuwa a kwamfuta, kuma na gaji da cewa "kwamfozitin" suna kallona kamar na yi musu yaren aljanu.

Amsar farko da ta shigo ita ce "haɗi". Na gode ɗan'uwa, amma haɗi ya yi faɗi. Mai shayi ma haɗi yake yi.

Wani ya ce "liƙi". Wannan na karɓa, sai dai ba inda ya nufa ba. Liƙi sunan aikin ne idan ya lalace, motar ta fito kamar faci a jikin tayar keke.

Bari in faɗi abin da ke sa ta fito haka, ko kalmar za ta zo da kanta. Fentin mota madubi ne. In ka dubi ƙofar sabuwar mota, sararin sama kake gani da gine-gine da bishiyoyi, sun lanƙwashe a jikinta. Shi ya sa bayan hoton titin, sai an sake ɗaukar wani hoton na kewaye gaba ɗaya, digiri 360, daga mai duhu zuwa mai haske sau da yawa, don kwamfuta ta san ƙarfin ranar wurin. Da shi ake haska motar. Paul Debevec ne ya gabatar da dabarar a taron masana zanen kwamfuta, SIGGRAPH, na 1998, da ƙwallo mai sheƙi irin madubi, kuma har yau za ka ga ƙwallon nan da wani ƙwallo mai ruwan toka a wuraren ɗaukar talla. A 2016 kamfanin The Mill na Landan har wata mota mara gangar jiki ya ƙera, Blackbird, wadda ake ƙara mata tsawo da faɗi, kyamarorin da ke kanta na kwashe kewaye, daga baya a sa mata rigar motar da ake so.

Wani ɗalibina ya sauko da hoton kewaye na wani gari a Turai, sama garau, ya haska motarsa da shi, ya ɗora ta a hoton da ya ɗauka a hanyar Zariya tsakiyar hunturu. Inuwar motar ta fito da kaifi kamar aska, alhali hazo ya dusashe inuwar kowane abu a titin. Ƙanwarsa da ba ta san komai a kwamfuta ba ce ta fara cewa ƙarya ne.

Ana cikin haka wata malamarmu ta Hausa ta rubuto kalma ɗaya: "dashe".

Malama, Allah ya ƙara sani. Na juya ta ta ko'ina ban ga inda ta gaza ba. Manomin rani a Kura yana renon irin tumatir ko albasa a wani wuri, ya ciro ya dasa a wani, sannan a jira a ga ko ya kama. Motar nan ma a wani wuri aka rene ta. Saiwarta kuwa ita ce baƙar inuwar nan da ke daidai inda taya ta taɓa ƙasa. In babu ita, mota shawagi take yi. Sai tsayin kyamara daga ƙasa, da girman gilashinta: titin da aka ɗauka da gilashi mai milimita 35 ba zai karɓi motar da aka ɗauka da mai milimita 85 ba. Likitoci ma "dashen ƙoda" suke cewa, jiki ya karɓa ko ya ƙi.

Wani yayanmu daga Damagaram ya tsaya a kan "saje". Yaya, maganarka dutse, amma sajewa sakamako ce. Sai an yi dashe, ya kama, sannan mota ta saje da titi. Kuma in na ce wa yaran nan "yau za mu koyi saje", wajen wanzami hankalinsu zai tafi.

To na tsaya a nan: aikin "dashen hoto", hoton titin "fage", wanda ake haskawa da shi "hoton kewaye". Shimfiɗar nan ta Blender da ba a ganinta sai inuwar da ta faɗa kanta, tun tuni muke ce mata "tarkon inuwa" a aji, ba mai ja.

Saura "render", wato lissafin da kwamfuta ke yi ta fitar da hoton ƙarshe. Wani dattijo da ya yi aikin hoto zamanin fim ya ce mu ce "wanki", tunda da ma wanke hoto ake yi kafin ya fito. Baba, na so ta ƙwarai. Amma jiya na ce wa wani yaro ya je ya wanke motar, sai ya tambaye ni ina bokiti. A kawo wata.