COREN ko COMEG: wanne zan fara yi wa rajista?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa injiniyoyi. Na karanta injiniyancin sarrafa ƙarafa, na gama bautar ƙasa bara. Burina aikin gwamnati a harkar ma'adinai irin su kuza da kolumbait na Filato, ko litiyam ɗin da ake ta haƙowa a Nasarawa. Cibiyar binciken ƙarafa ta Jos ce ta fi kwanta mini a rai.

Inda na maƙale: wani ya ce in fara rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, tunda injiniya ne ni, wani ya ce harkar ma'adinai sai da COMEG, hukumar da ke yi wa injiniyoyin ma'adinai da masana kimiyyar ƙasa rajista. Kuɗina ba zai kai biyun ba yanzu. Wanne ake dubawa wajen ɗaukar aiki? Don Allah wanda ya bi hanyar nan ya haska mini.