Har da Baba mai gadi za a zauna bitar?

Hedimasta: Assalamu alaikum. Jiya na kawo shawarar cewa bitar kula da yara masu buƙata ta musamman da za mu yi a hutun nan kowa zai zauna: malamai, masu shara, Baba mai gadi, har da Iya mai abinci. Na ga wasu ba su saki fuska ba. Kowa ya faɗi abin da ke ransa.

Malamin Lissafi: Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe, ni dai ban gamsu ba. Wannan fanni ne mai zaman kansa. Akwai kwaleji sukutum a Oyo da aka kafa dominsa, ga sashensa a Jami'ar Bayero da ta Jos, sai mutum ya share shekaru. Kwana uku ba za su koya mini rubutun makafi ko maganar hannu ba. A tattara kuɗin a tura mutum biyu su koyo da kyau. Wanda lalurarsa ta yi tsanani kuma, ga makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki nan cikin Kano.

Malamar Aji Uku: Malam, bari in ba ka abin da idona ya gani a makarantar da na baro. Wata yarinya mai farfaɗiya ta faɗi a bakin famfo lokacin tara. Mu malamai duk muna ofis. Yara suka watse, don an ce musu yawunta yana sa cutar. Mai gadi ne ya rugo, ya danna mata cokali a baki har haƙorinta ya ɓalle. Wallahi da zuciya ɗaya ya yi, yana ta salati hannunsa na rawa. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa cutar ba a ɗaukarta, ba a sa komai a baki, kawar da abin da zai ji mata ciwo ake yi, a tallafe kai, a kwantar da ita ta gefe, in ya wuce minti biyar sai asibiti. Daga ranar ba wanda ya sake zama bencinta. Kafin zangon ya ƙare ta daina zuwa. Ina ƙwararrunka biyu za su kasance a wannan lokacin?

Malamin Lissafi: Allah sarki. Amma Malama, wannan taimakon gaggawa ne, ni koyarwa nake magana. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce yara 35 ga malamin firamare ɗaya, ni ajina sun haura 80.

Wakiliyar Iyaye: Malam, ɗana zabiya ne, idonsa ba ya kai wa allo. Bencin gaba yake buƙata, da rubutu manya, da kada a shanya shi a rana lokacin asambuli. Malaminsa na bara ya gane haka. Da aka yi masa canjin wurin aiki, sai ilimin ya bi shi, wanda ya gaje shi ya mayar da yaron baya saboda tsayinsa. Sannan sunan da ake tsokanarsa da shi, daga bakin babba yara suka fara ji.

Malamin Ilimi na Musamman: Hajiya ta taɓo inda ke ciwo. Tun taron ƙasashen duniya na 1994 a birnin Salamanca na Sifaniya aka amince makarantun kowa da kowa su karɓi kowane yaro, kuma dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. To amma ko an zuba siminti an yi wa keken guragu hanya, in mai tsaron ƙofa ya ce wa uwa "nan ba wurin irinsu ba ne", an gama. Sai dai Malam yana da gaskiya a wuri ɗaya: kurma sai da mai fassara, bitar kwana uku ba ta maye gurbinsa. Kuma in ba a riƙa bibiya duk zango ba, za ta bi ruwa.

Malamin Lissafi: To na sassauto, da sharaɗi biyu. Kada a soke maganar tura mutum biyun. Sannan a yi bitar da Hausa, a nuna a aikace. In takardun Turanci za a raba, Baba da Iya zaman kunya kawai za su yi.

Hedimasta: Na karɓi na biyun yanzu. Na farkon sai na zauna da kwamitin makaranta ranar Asabar, don kuɗin da ke hannu ba zai ɗauki bitar da kuma tura mutum biyun a zango ɗaya ba.