Wai me ake nufi da maverick ne?

Sadiq_Fagge: Salam jama'a, dan Allah ina neman ƙarin haske. Jiya ina kallon wani shiri a YouTube kan zaɓen Amurka na 2008 sai na ji ana ta ce wa John McCain maverick, na duba ƙamus ɗin waya ya ce wai mai ra'ayin kansa amma ban gamsu ba. Yabo ne ko zagi, kuma ina kalmar ta samo asali?

Malam_Bala: Wa'alaikumus salam. Ai sunan mutum ne. Samuel Maverick, lauya ne a Texas, ya taɓa yin magajin garin San Antonio, ya rasu a 1870. A 1845 wani da yake bi bashi ya biya shi da shanu wajen 400, shi kuma harkar filaye ce a gabansa ba kiwo ba, sai aka bar shanun suna ta yawo suna haihuwa ba a yi wa 'yan maruƙan shaida ba. Ka san a lokacin shanu a sake suke babu shinge, ƙarfe ake sa wa a wuta sai ya yi jawur a manna wa saniya a cinya, kowa da irin lambarsa. To duk maraƙin da aka gani babu lamba sai a ce na Maverick ne, a hankali ya zama sunan duk dabbar da ba ta da shaida, daga nan ya koma kan mutumin da ba ya ɗauke da lambar kowa.

Ummu_Hanan: Ikon Allah, ashe daga shanu ne! Kenan saniyar ware dai ko malam?

Malam_Bala: Kin kusa amma da bambanci. Saniyar ware mutane ne suka ware ta ba da son ta ba, shi wannan da ƙafarsa ya fita daga garken.

Dan_Damagaram: Gaskiya ni yabo nake ɗaukarsa. McCain ɗin nan a 2017 yana fama da cutar kansa a ƙwaƙwalwa ya shigo majalisar dattawa cikin dare ya ƙi goyon bayan jam'iyyarsa kan soke tsarin lafiyar Obama, babban yatsa kawai ya juya ƙasa. Wanda ya ci amfanin abin zai ce jarumi, 'yan jam'iyyarsa kuwa kangararre suka gani.

Sadiq_Fagge: Na gode sosai, Allah ya ƙara basira. To 'yan ƙwallon kwandon nan Dallas Mavericks su ma daga nan ne?

Malam_Bala: Eh kalmar ce dai, Dallas ma ai a Texas take.