Neman kalma: me zan ce wa "day trip" a takardar tafiya Istanbul?

Mai Fassara: Assalamu alaikum jama'a. Aiki ya sha mini kai. Wani kamfanin tafiye-tafiye ne ya ba ni takardar tallarsa in mayar Hausa, kuma gobe da hantsi za a kai maɗaba'a. Tafiyar kwana huɗu ce zuwa Istanbul a Janairu, lokacin hunturu. Kwana uku a cikin gari: Aya Sofiya, Masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida, fadar Topkapi, babbar kasuwa. Wannan na ce "zaga gari" na wuce. Ɗaya ranar ce ta tsaya mini a wuya, sun rubuta "day trip to Bursa". A fita da asuba, a tsallaka tekun Marmara a jirgin ruwa, a ga babban masallacin garin mai ƙubba 20, a hau dutsen Uludag a taɓa dusar ƙanƙara, a dawo Istanbul a kwana. Gurbin ba ya ɗaukar fiye da kalma huɗu.

Bazazzagi: Je-ka-ka-dawo mana. Yaron firamare ma ya san ta.

Ɗan Damagaram: Ziyara. Duk wanda ya je Umara ya san ranar ziyara: mota ta kwashe ku zuwa Uhudu da Ƙuba, ta maido ku masauki kafin azahar.

Mai Fassara: Ziyara na riga na ba unguwar Eyup, inda kabarin Sahabi Abu Ayyuba Al-Ansari yake. In na kira wasan ƙanƙara da sunan nan, malamai za su yi mini ca. Je-ka-ka-dawo kuwa ina jin ƙamshin makaranta a jikinta.

Tsohon Malami: Kafin a je nan, wa ya ce maka sanyin Turkiyya hunturu ne? Hunturu iska ce busasshiya mai ƙura, ta fasa leɓe da diddige. Can ruwa ake yi da ƙanƙara. Gyara wannan tukuna. Batun kalmarka kuma, na daɗe da ƙirƙiro ta: leƙa-gari. Aikatau da suna, ginin da ya ba mu faɗa-wuta da gaya-wa-jini-na-wuce. Gajera ce, ta Hausa ce tsantsa.

Bazazzagi: Allah ya gafarta Malam, gidajen rediyo sun shekara nawa suna cewa hunturu in ana sanyi a Turai? Kuma wa zai zuba kuɗinsa a abin da ke kama da ta-leƙo-ta-koma?

Tsohon Malami: Kuskure ba ya zama daidai don ya tsufa. Ita je-ka-ka-dawo ɗin taka, Hajiya fa? Je-ki-ki-dawo za a buga mata tata daban?

Bazazzagi: 'Yan mata ma makarantar je-ka-ka-dawo suke zuwa, ba wanda ya taɓa canja mata zani. Kalmar ta daskare, kamar je-ka-na-yi-ka.

Hajiyar Kwari: Sannunku da fama. Ni da nake zuwa unguwar Laleli ta Istanbul saro kaya bari in sa baki. Abin da kuke nema sunansa wuni. Mace ta shirya da safe ta tafi gidan 'yar'uwarta, ta ci abincin rana can, ta dawo ɗakinta ta kwana, me ta je yi? Wuni. To shi ne wannan. "Wuni a Bursa", kalma uku.

Kuma ɗana Mai Fassara, ka ce wa masu kamfanin kada su yaudari mutane da "a fita da asuba". A Janairu rana ba ta fitowa can sai bayan ƙarfe 8, kafin 6 da rabi duhu ya rufa. Shekarar da muka je mun tsaya bakin tashar jirgi hannuna ya ƙage, na kasa zuge jakata, sai wata 'yar Turkiyya ce ta ciro mini tikitin. Can aka ce an soke jirgin saboda iskar kudu da suke kira lodos. Mota muka bi ta gadar Osmangazi. Su rubuta takalmin da ruwa ba ya shiga, su kuma san Topkapi a rufe take ran Talata, babbar kasuwa ran Lahadi.

Bazazzagi: Hajiya, wuni ai harkar mata ce. Alhazan Kwari su ga an rubuta za a kai su wuni?

Hajiyar Kwari: Ku da kuke wuni a majalisa tun hantsi har la'asar, sunan me kuke ba shi?

Ɗan Damagaram: Ni dai yini nake ji a bakin mutane da yawa. Kullum sai a ɗauki ta Kano a ce ita ce Hausa, mu na wannan tsallaken sai mu bi. Ko a nan ba wanda ya tambayi yadda muke faɗa.

Bazazzagi: To ya kuke faɗa?

Ɗan Damagaram: 'Yan boko "excursion" suke cewa da Faransanci. Amma ba wannan ce maganar ba.

Tsohon Malami: Ka ji irinta. Kowa ya rungumi harshen wanda ya mulke shi, in ɗan gida ya ƙirƙiro kalma a yi masa dariya. Turkawan nan da kuke zuwa ƙasarsu "günübirlik" suke cewa, daga kalmarsu ta rana suka gina ta, ba su ara ba. Tun 1932 suka kafa hukumar harshensu. Mu kuwa leƙa-gari ta gagare mu.

Hajiyar Kwari: Malam, ka ce daga kalmar rana suka gina ta? Ashe su ma wunin suka ce.

Mai Fassara: Na gode ƙwarai. Na tura wa mai kamfanin uku ya zaɓa, ya ce a sa "Tafiyar wuni ɗaya zuwa Bursa".

Tsohon Malami: Kada ka yarda. Tafiyar wuni ɗaya nisa take nunawa: tsakanin gari kaza da gari kaza tafiyar wuni ɗaya ce. Mai karatu zai zaci a hanya zai wuni.

Mai Fassara: Wannan kam gaskiyar Malam ce, kuma ma ta fi gurbin. Na sake kiransa, mun tsaya a kan "Wuni a Bursa", a ƙasa da ƙananan baƙaƙe "a dawo Istanbul a kwana". Hunturu na mayar "lokacin sanyi". Takalmin Hajiya ma ya shiga.

Bazazzagi: Wato je-ka-ka-dawo ce dai aka warware mata rawani.

Tsohon Malami: Ban gamsu ba, amma tun da an cire hunturu na yi shiru. Leƙa-gari tana nan a littafina.

Mai Fassara: Saura ɗaya kafin in rufe kwamfuta. Abin nan da ke rataye a waya yana hawa da mutane kan Uludag, motar igiya zan ce ko kuwa?

Hajiyar Kwari: Sa haka ka je ka kwanta, kada Malam ya gani.