Turbon Landi na zubda mai ta ƙasa

Mai Landi: Salamu alaikum 'yan zaure. Landi ɗina (Land Cruiser) mai injin 1HZ na sa ma turbo, abin nan mai ƙara ma inji iska, wata biyu ke nan. Ƙarfi kam alhamdu lillahi. Amma man inji na tsiyaya ta bakin bututun da ke maida shi daga turbo zuwa karte, kwanon da mai ke zama a ƙasan inji. Juwan, wato abin da ake sawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don tare mai, biyu mun canza. Kowace safiya sai in iske tabo ƙarƙashinta, faɗin faifai. Mi kuka gani?

Ɗan Ader: Wa alaikumus salam. Shafa mashi pat ja, gam ɗin nan na tare mai, ka ɗaure noti da ƙarfi, magana ta ƙare.

Baban Hadiza: Kai Ɗan Ader, ji tsoron Allah. Wannan shawarar ita ta kwanar da ni daji bara. Hilux ɗina ta fara irin wannan tsiyaya, na kai ta wani garaji nan Tahoua, yaron ya lafta pat kamar mai yaɓen ɗaki, ya ɗaure har da ƙara ma kile (sifana) bututu. Kwana uku ko ɗigo babu, na ce yaro ya iya aiki. Ranar da na ɗau hanyar Agadez, mun wuce Abalak kaɗan sai na hangi hayaƙi shuɗi a madubi, ya rufe hanya baki ɗaya. Na tsaya, na zaro sandar awon mai, ta sauka ƙasa da alama. Nan muka kwana ni da buhunan albasar mutane. Da aka kwance, ashe pat ɗin da aka matse ya kumburo ta ciki ya bushe, ya zama zobe, ramin da babban yatsa ke shiga ya koma ɗan ƙarami ko ƙaramin yatsa ba ya wucewa. Na riƙe abin a tafin hannuna, ja, mai taushi kamar cingam. Abin da ban sani ba sai ranar: man da ke shiga turbo ta sama famfo ke tura shi, wanda ke fita ta ƙasa kuwa ba mai tura shi, nauyinsa kawai ke saukar da shi. Kuma yana fitowa da kumfa, don sandar cikin turbo tana juyi fiye da dubu 100 a minti. In hanya ta ƙuntata sai ya taru, ya bi ta zobban ƙarfen nan na gefe biyu, waɗanda irin na fistan ne, iska suke tarewa, ba su riƙe mai da ya taru. Rabi ya bi salansa, rabi ya shiga inji. Noti ɗaya ma ya ci zarensa saboda ɗaurin hauka. Ban ƙara komawa garajin ba.

Ɗan Ader: To ni tawa shekara guda da pat, lafiya lau.

Autan Zaure: Taka da ba ta wuce kasuwa da masallaci, Yaya? Ko jaki aka shafa ma pat zai kai.

Ɗan Ader: Yaro, biya kuɗin shayin da ake bin ka tukuna.

Patron: Alhaji Mai Landi, 1HZ ba ya zuwa da turbo daga kamfani, ke nan huda aka yi aka maido bututun. A ina aka huda karten? Sama kusa da bakinsa, ko can ƙasa? In ramin ya faɗa ƙarƙashin inda mai ke kwanciya, ko juwan goma ka canza sai ya zubo, don mai ba ya samun wurin sauka. Sannan auna mini cikin bututun. Ni ba na sa wanda bai kai milimita 16 ba, kuma ya sauko zar, ba lanƙwasa, ba wurin da ya kwanta ko ya ɗaga. Shi kansa cikin turbon kar ya karkace fiye da digiri 15 daga tsaye.

Malam na Yamai: Ni tun farko ban ga dalilin sa ma 1HZ turbo ba. Injin da Toyota ta yi don turbo shi ne 1HD-T. Shi 1HZ jaki ne, a bar shi da tafiyarsa. A matsa mashi gazuwal ya yi zafi, fistan ya tsage, a zo ana salati.

Mai Landi: Malam, aikin gama ya gama. Tsiyayar nake tambaya.

Malam na Yamai: Na faɗi dai.

Mai Taya: Akwai taya 7.50R16 guda huɗu, sun ɗan taka kaɗan. Mai so ya biyo ni ta gefe.

Autan Zaure: Su ne waɗanda suka ɗan taka tun azumin bara?

Direban Ƙonni: Ku duba numfashin inji ma. Tada ta, buɗe murfin zuba mai, ɗora tafin hannu. In tana huci kamar tukunyar wake, iskar cikin karte ce ke tokare man, ba laifin juwan ba ne. Da matatar iska: ƙurar hunturun nan in ta toshe ta, turbo na zuƙo mai ta gaba.

Patron: Gaskiya ne. Kuma kafin sabon juwan, a ɗora takardar yashi kan gilashi a goga bakin ƙarfen, za ka ga inda ya bauɗe. Juwan a bushe, ba pat.

Mai Landi: Na shiga ƙarƙashinta yanzu da tocila. Patron, ramin can ƙasa yake, bai fi yatsa uku ba daga notin bidanji, inda ake zubda tsohon mai. Robar da aka haɗa kuwa ta kumbura, in na latsa sai ta lotsa kamar dafaffen rogo.

Patron: Robar ruwan lagireto ce suka sa maka, mai na cinye ta. Sai an sauke karte, a toshe wancan ramin, a yi walda sabo a sama, a wanke shi tas kafin a maida. Kar ka yarda a huda shi yana jikin mota, garin ƙarfe zai bi mai. Robar kuma a nemo mai jure mai da zafi.

Baban Hadiza: In babu nan, a aika Yamai, ko Ƙofar Ruwa a Kano.

Direban Ƙonni: Jibi zan sauka Ƙonni, in akwai saƙo a kawo tasha kafin azahar.

Ɗan Ader: Duk da haka a ɗan shafa pat a bakin waldar.

Mai Taya: Tayoyin saura biyu.